Zagaye Ɗaya da Rabi

Babur ɗin Baba ya girmi aurena, ya girmi shagona. A takarda ja ne, a ido kuwa ya koma kalar shayin da ya kwana. Amma ni da na yi shekara goma sha bakwai hannuna cikin baƙin mai, ban taɓa ganin injin da ya samu gata irin nasa ba. Mutane sukan kawo mini babur ɗan wata shida ya riga ya zama gawa, na Baba kuwa yana nan yana numfashi kamar jiya aka ɓare shi daga leda.

Sirrin ba wani abu ba ne, ɗumama injin ne. Gida ɗaya muke, ni da iyalina a ɗakunan gaba, Baba da Inna a ciki, saboda haka na haddace abin. Kowace safiya zai turo babur ɗin tsakar gida, ya buɗe mai, ya ja cok, ɗan marikin nan da ke rage wa injin iska ya ƙara masa mai lokacin da yake da sanyi. Zai taka kik sau biyu a hankali bai kunna makulli ba, wai don injin ya san an zo. A na uku ya tashi. Daga nan sai ya tsaya, tafinsa a kan tanki, yana mayar da cok kaɗan-kaɗan har ƙarar ta daidaita. Minti biyar cur, ko da wuta ce ta tashi a maƙwabta.

"Injin tsoho ne," in ji shi. "Ba a tashin tsoho daga barci a ce masa ya ruga."

Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Yana bin teloli shago-shago, da matan da ke ɗinki a gida, akwatin kayan aikinsa ɗaure a baya da tsohon tif ɗin taya. Kuma yana da wata doka da ba ya karyawa: kowa ya tsaya ga sana'arsa. Bai taɓa ɗora sukudireba a kan injin babur ɗin ba tun ranar da na buɗe shago. Yakan ce yana da bakanike a gida, me zai kai shi.

Idonsa ne ya lalata mana komai. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba yanar ido ba ce balle a cire. Abin da ke gabansa sak yana gani, gefe da gefe kuwa babu, kamar mai leƙe ta cikin bututu. A gabana likitan ya ce masa, "Baba, tuƙi fa ya ƙare." Baba ya ce, "To, likita, Allah ya yi albarka." Muka fito ya hau babur ɗinsa ya ce in hau baya. Na hau ina ta salati har gida.

In faɗi gaskiya, ya samo wa kansa dabara. Duk mahaɗar hanya da ya zo, ko ta lungu ce wadda akuya kawai ke bi, sai ya tsaya cak, ya sauke ƙafa biyu, ya juya dukan jikinsa dama, ya juya hagu, sannan ya wuce. Masu mota su yi ta danna masa hon. Ya ce su yi ta yi, ai ba a kansu yake tsaye ba. Shekara biyu yana haka babu abin da ya same shi, sai wata rana ya goge wani baro da aka ajiye a gefen titi, ya dawo gwiwar hannunsa a ɗaye.

Yayata ce ta fara ɗaga hankali. Ita ce babbarmu, malamar makaranta, kuma duk duniya aji take ɗaukar ta. Ta zo ta ɗauke makullin ta jefa a jaka. Baba ya shiga ɗaki ya fito da wani. Da ta buɗe baki ya ce, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Ya yi sati biyu ba ya amsa gaisuwarta sai da ka.

Shi ya sa ta biyo ni shago. Ta tsaya a bakin ƙofa tana tattare zani don kada mai ya taɓa ta.

"Kai ne bakanike," ta ce. "Ka kashe babur ɗin nan."

"Yaya, in na kashe shi gaba ɗaya ai gane mu zai yi. Kin ga yadda ya yi miki a kan makulli kawai."

"To ka san yadda za ka yi. Ko sai an kwaso mana shi a tabarma za ka motsa? Kai kullum sai ka ce a bi a hankali. Wallahi in mota ta taka tsohon nan, kai da sifanunka ba za ku sake barci ba."

Ta tafi ta bar ni da maganar. Na yini ina juya ta, har na samo abin da a lokacin na ɗauka basira ce. Ba zan kashe babur ɗin ba, tsufar da shi zan yi. In ya riƙa ba Baba wahala kowace safiya, shi da kansa zai gaji ya jingine shi, babu wanda ya ƙwace masa makulli, babu wanda ya ce masa makaho. Har murmushi na yi ni kaɗai, ina jin babu mai wayo irina.

Duk wanda ya san kabureta ya san injin mai sanyi mayen mai ne. Kafin ƙarfe ya ɗauki zafi fetur ba ya gauraya da iska yadda ya kamata, sai an ba shi fiye da ƙima. Akwai wasu ƙananan sukurori biyu a gefen kabureta, ɗaya na iska, ɗaya na silo, wato wanda ke riƙe injin yana aiki in an saki totur. Ranar da Baba ya kawo mini juyen mai, na warware na silo zagaye ɗaya da rabi, na buɗe na iska, na sassauta wayar cok yadda ko an ja ba za ta rufe duka ba. Aikin bai kai minti uku ba. Da yake injin da zafinsa ya zo, bai nuna komai ba. Ga sanyi yana shigowa, shi zai ɗauki laifin.

Washegari ina ɗakina na ji. Taku uku, shiru. Huɗu, biyar. A na shida ya tashi, ya yi tari, Baba ya saki totur ya ɗora tafinsa a kan tanki, sai ɗif. Na ji ya ce, "Af!" Ya sake. Ranar sai da ya yi kusan rabin awa kafin ya fita. Ni kuwa na tsaya a bayan labule da kofin shayi har ya huce a hannuna.

Haka aka shiga. Na riƙa ƙirga takun kamar mai ƙirga bulala. Wata rana goma sha biyu, wata rana ashirin da wani abu. Gwiwar Baba ta dama da ma ba lafiya gare ta ba, ita ce kuma ta kik. Tsakanin taku da taku ina jin hakinsa. Da yamma sai in tarar Inna tana shafa masa man zafi, ɗakin duk ya ɗauki wari. Ita ba ta san komai ba, don haka ni ta saka a gaba.

"Kai wane irin bakanike ne? Na mutanen gari kana gyarawa, na ubanka ya gagare ka?"

"Inna, tsufa ne."

"Tsufan ne ya zo rana ɗaya kamar baƙo?"

Sau uku Baba yana kawo mini shi shago. Ya zauna a kan bencin masu jira, ya ɗora hannu biyu a gwiwa, ya ce, "Duba mini shi, ɗan nan. Ba ya riƙe silo da safe." Sau uku ina kwance kabureta a gabansa, in wanke da fetur, in hura, in goge filogi, in mayar da komai daidai inda na ɓata shi. Ban taɓa yin aiki da tsabta irin wannan ba, kuma ban taɓa jin ƙyamar hannuna irin haka ba.

A zuwa na uku Dogo mai faci, wanda rumfarsa ke jikin shagona, ya leƙo. Dogo bai iya ganin abu ya yi shiru ba.

"Kai, wannan ai silo ne ya yi ƙasa. Ni da nake faci ma na ji. Ɗan murɗa sukurun nan mana."

Kafin in nemo ƙaryar da zan yi, Baba ya juya dukan jikinsa ya dube shi.

"Kai dai tsaya ga tayoyinka. Shekararsa goma sha bakwai a kan aikin nan. In da sukuru ne da bai gani ba?"

Dogo ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya koma rumfarsa. Ni kuma na sunkuya ina neman wani noti da bai faɗi ba. Da na ɗago na ce, "Baba, injin ne ya gaji. Kayansa ma an daina kawowa. Da ka huta, in akwai inda za ka ni sai in kai ka."

"In zauna ina jiran ka gama da mutane? Matar nan mai ɗinkin kayan makaranta kekenta uku, in ɗaya ya tsaya yara goma ba su da riga. Bar shi, za mu lallaɓa."

A sati na uku na ji safiyar ta canza. Babu sauran tsayuwa da tafi a kan tanki. Da zarar injin ya kama, sai Baba ya murza totur ya riƙe, ƙara ta cika gidan har jaririnmu ya farka, ya haye ya saka giya ya fice. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ba injin minti biyar ya koma fita kamar wanda aka koro. Na ji wannan da kunnena, kuma na fassara shi yadda nake so. Da Yaya ta kira tana tambaya ko ya daina, na ce mata, "Saura ƙiris. Ya fara gundura." Har da 'yar dariyata.

Ranar Alhamis ce, wajen bakwai da rabi, ina ɗaga ƙofar shago, waya ta yi ƙara. Mai kantin da ke bakin layinmu ne, inda layin ya haɗu da babban titi. Daga gidanmu zuwa wurin tafiyar minti ɗaya ce a babur, injin ko ɗumi bai yi ba. Ya ce in zo yanzu, kada in tsaya rufe shago.

Motar raba burodi ce ta buge Baba ta hagu. Kafin in iso an wuce da shi asibiti. Direban yana zaune a bakin kwata ya haɗa kai da gwiwa, yana ta maimaita cewa shi ba gudu yake ba, tsohon ne ya shigo masa. Babu wanda ya musa masa. Akwatin Baba ya fashe, ƙananan sukurori da allurai da kwalbar mai sun watse a kan kwalta, wata mata tana tsince su tana zubawa a gefen mayafinta.

Mai kantin ya ja ni gefe.

"Ka san shekara da shekaru tsohon nan a nan yake tsayawa, ya juya nan ya juya can, har dariya muke masa. To kwanan nan in ya tsaya sai babur ɗin ya mutu. Ya yi ta takawa yana haki, motoci sun yi layi a bayansa suna zagi. Ranar Litinin sai da na fito na tura shi. Tun daga ranar bai ƙara tsayawa ba. Rage gudu kawai yake yi, ya murza, ya shige." Ya dube ni. "Ba kai ne ɗansa bakanike ba?"

Na ce ni ne. Na zauna a kan buhun da ke ƙofar kantin. Na san idon Baba, na san dabararsa ta tsayawa, na san abin da injin mai sanyi ke yi in an saki totur. Duk ukun suna cikin kaina, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Injin kawai na yi ta tunani, na manta da wanda ke kansa.

Ƙugu ne ya karye, da cinya. Aka saka masa ƙarfe. Likitan ƙashi ya ce a shekarunsa, in an yi sa'a zai taka da sanda a cikin gida. Batun hawa babur ko tsugunawa gaban keken ɗinki kuwa, a manta. A barandar asibitin na gaya wa Yaya abin da mai kanti ya faɗa. Ta jingina da bango.

"Kada ka faɗa masa," ta ce.

"Yaya, ni na yi wannan."

"Mu muka yi. Kuma in ka faɗa, kai ne za ka samu sauƙi, shi ciwo za ka ƙara masa. Ka riƙe abinka."

Na so in yi faɗa da ita, wallahi na so. Amma ita cewa ta yi in kashe babur. Da na bi maganarta yadda ta faɗa, da Baba ya yi fushin wata guda yana tafiya da ƙafafunsa. Wayon nawa ne ni kaɗai.

Abin da ya fi ci mini rai masu dubiya ne. Teloli suka riƙa zuwa, da matan da yake yi wa gyara, kowa da ledar lemo. Duk wanda ya zauna sai Baba ya nuna ni. "Wannan ya ce in ajiye shi, ban ji ba. Sau uku yana kwance mini kabureta, ya bar aikin mutane." Su kuma su juyo su ce Allah ya yi mini albarka, Allah ya ba ni masu yi mini. Ina amsawa da amin, don babu wata amsar.

Bayan sati biyar aka sallame shi. Muka mayar da gadonsa kusa da taga. Babur ɗin yana jingine a tsakar gida inda aka kawo shi, abin haushi kusan babu abin da ya same shi, fitilar gefe ce ta fashe sai tanki da ya ɗan lotsa. Wata safiya bayan na taimaka masa ya yi wanka, ina gyara masa filo, ya ce in zauna.

"Ka nemo wanda zai saya."

"To, Baba." Na zauna a bakin gadon. "Baba, akwai maganar da nake son in yi maka a kan babur ɗin nan."

"Na san ta. Tun a asibiti nake ganin fuskarka. Kana ganin da ka iya gyarawa da haka ba ta faru ba. Ka cire wannan a ranka. Abin da ya gagari mai sana'a ya gagara, ni ma akwai kekunan da na mayar wa masu su na ce a nemi sabo."

"Ba haka ba ne, Baba."

"Haka ne mana. Laifina ne da na daina tsayawa. Ƙafar nan ba ta iya tayar da shi sau biyu a safiya ɗaya." Ya murza bakin bargo. "Kuma in gaya maka gaskiya, ba ƙafar kaɗai ba ce. Ranar da mai kantin nan ya tura ni, na ji wani a cikin mota yana cewa, ai uban bakaniken nan ne na gaba. Suka yi dariya. Na ce a'a. Kowa a layin nan wurinka yake kai gyara. Ba za a riƙa ganin ana tura ubanka kowace safiya ba, a ce ba ka iya aiki ba."

Na fasa faɗin maganar da na ɗauko. Na duba fuskarsa, ya rame, idanun suna kallona sak don nan kaɗai suke iya gani. Na gane Yaya ta yi gaskiya, kuma na tsani gaskiyar tata. Na ce zan je in ɗauko masa ruwan shan magani, na fita, na daɗe a bakin famfo.

Mai sayen wani mai kai saƙonni ne, magidanci, ya zo ranar Asabar da safe. Tun kafin ya iso Baba ya kafa mini sharaɗi.

"Ka gaya masa aibinsa duka. Ba ya son sanyi, ba ya riƙe silo, yana mutuwa in an tsaya. Kada ka ɓoye masa komai. Mu ba mu cutar mutum a gidan nan."

Mutumin ya zagaya babur ɗin, ya ƙwanƙwasa tanki, ya ja cok ya taka. Injin ya tashi a na takwas, mutumin ya saki totur, injin ya mutu. Sukudireba tana aljihuna, minti uku ya ishe ni, amma tagar Baba a buɗe take, kuma kunnensa babu abin da ya same shi. Na tsaya a tsakar gidan na jera wa mutumin aibobin ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi yadda za a ji daga ciki.

"Ka gaya masa?" Baba ya ɗaga murya.

"Na gaya masa, Baba."

"Har da batun tsayawa a mahaɗa?"

"Har da shi."

"To madalla. Allah ya yi maka albarka."

Mutumin ya ɗaga ƙafa zai sake takawa, na riƙe hannunsa na ce ya bari, mu tura shi zuwa shago in ɗan duba masa wani abu. Ya ce shagon ai da nisa. Na ce na sani. Na kama kan babur ɗin, shi ya kama baya, muka fita da shi a mace.